Mara

Ranar da motar 'yan kasuwar Maigatari ta kife da mu, gawa sittin da uku aka jera. Masu haƙa suka gaji, aka ce a binne bibbiyu. Kowa ya sami abokin kwanciya, mijina ya rage shi kaɗai.

Babban masu haƙa ya yi tsaki. "Lissafin mara ne, ba ya rabuwa biyu. Rami guda saboda mutum ɗaya!"

Na ce, "Baba, yi haƙuri, uban yaron nan ne." Na juya masa goyona, wanda tun safe nake godiya bai yi kuka ba.

Ya taɓa wuyan yaron, ya waiwayi mutanensa. "Ku kawo ƙyalle. Ya cika."