Takun Ƙarfe Huɗu

Ƙiii, taf. Ƙiii, taf.

Tsintsiya ta suɓuce mata. Shekara goma sha biyu tana jin wannan takun. Ƙafar robar mijinta ce, mai kukan nan a gwiwa. Amma wata biyar ke nan da rasuwarsa, kuma da hannunta ta kai ƙafar wa ƙungiyar da ke gyara ƙafafun roba tana ba mabuƙata.

Takun ya tsaya a ƙofarta, ƙarfe huɗu daidai, lokacin dawowar marigayi.

Ta buɗe. Wani baƙon dattijo ne, ya jiƙe sharkaf da gumi.

"Baiwar Allah, yi haƙuri," in ji shi. "Tunda aka sa min ƙafar nan, duk inda na nufa, nan take kawo ni. Yau ma mayar musu da ita na fito yi."