Ƙwan Fitilar Ɗakin Inna

Shin ɗauke haske daga ɗakin makauniya sata ce? Tambayar da Tanimu ke ta yi wa kansa ke nan.

Tun da hukuma ta taƙaita wa kowane gida ƙwan fitila ɗaya, nasu yake rataye a ɗakin mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da rasa ganinta. Ɗakin wasansa kuwa babu taga. A can teburinsa mai gilashi yake, wanda ake harba ɗan ƙwallon ƙarfe cikinsa yana karo da ƙararrawa. A duhu, sai dai ya bi ƙwallon da kunne.

Da hantsi abokinsa Mamuda ya zo. "Haba, Tanimu, muna ta lalube, Inna kuwa ba ta ma san ƙwan yana ci ba. Ciro mana shi."

"Nata ne. Ba zan taɓa shi ba."

Suka yi wasa, ba wanda ya san wa ya ci.

Bayan azahar Tanimu ya shiga ɗakinta ba sallama, ya taka kujera. Inna na zaune ƙarƙashin ƙwan, ta ɗaga tafukanta tana jin ɗuminsa.

"Tanimu ne? Ka zo goge mini shi?"

"E, Inna," ya ce, yana cire ƙwan.