Inda Ya Kwanta

"Nan ne, Mama," in ji abokin ɗanta, yana nuna ciyawa. "Ko kuwa can gaba kaɗan."

Da bizar yawon buɗe ido ta shigo Kuala Lumpur, kuma ta yi yawon. Kwana uku tana bin hotunan da marigayi ɗan nata ya turo mata yana karatu. Da ciwon gwiwarta ta hau matakalar wurin bautar Hindu, birai na fizgar mayafinta. Ta je bakin teku, ta gano dutsen da ya zauna a kai yana dariya.

Yau ga ta a maƙabarta. Kowane kabari da farin dutsensa, da sunan mai shi. Shi kuwa ɗalibai 'yan Kano ne suka binne shi irin na gida, tudun ƙasa da reshen itace. Sun manta nan damina ba ta ƙarewa. Ruwan shekara biyu ya baje komai.

"Wallahi mun sa alama, Mama."

Ta dubi wayarta. Duk inda ya taɓa tsayawa a ƙasar nan ta gano. Inda ya kwanta ne babu hoto.