Wasiƙun Malam Shitu ga Ɓarawon Suna

Saura kwana tara, in ji jan rubutun da ke fuskar kwamfutar. Malam Shitu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Kwanakin ba su ƙaru ba.

Shekara shida ke nan yana sayar da bandar kifin Tiga ta intanet. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya haɗa masa shafin, lokacin da ya zo garinsu yana koya wa mata latsa kwamfuta. Ta nan masu otal na Kano da Kaduna ke yin oda. Sunan shafin kuwa an buga shi a jikin leda dubu biyar, da allon shago, har da bayan babur ɗinsa. A zaton Malam Shitu suna kamar gona yake, in ka mallaka ka mallaka.

Sagir, mai shagon kwamfuta a Tudun Wada, ya ce haya ce, duk shekara ake sabuntawa. Kamfanin da ke riƙe da sunan na ƙasar waje ne, kuma ya daina karɓar katin naira. Dabara ɗaya ta rage: a mayar da sunan wani kamfani na gida, a sabunta a can. Sai dai ba ya tashi sai da lambar sirri, ita kuma mai sunan kaɗai ake tura wa.

"To ni ne mai sunan."

"A rajista ba kai ba ne, Malam. An ɓoye ko wane ne. Amma akwai wurin aika masa saƙo."

Ɗan bautar ƙasar, da aka same shi a waya, ya rantse shi shafi kawai ya gina. Malam Shitu ya gane nan take: wani maƙiyi ne ya laɓe masa shekara shida yana jiran wannan rana.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Furera a bakin murhu tana juya kifi, wayarta a gefen tabarma. Ya zauna ya tsara wasiƙa, ya karanta mata da murya irin ta alƙali. A ciki akwai ɓarawo sau huɗu, mahassadi sau biyu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ya manta ƙugiyar ɓ a wuri ɗaya.

"Amma Baban Badiyya, wanda ya yi shekara shida yana sabunta maka suna, ba godiya ta kamace shi ba?"

Ya ce mata harkar intanet ba ta mata ba ce, ta ji da kifinta. Ya aika.

Ran nan miyar ba gishiri.

Amsa ta zo washegari, layi ɗaya: a sake rubutowa da ladabi. Malam Shitu ya ƙara jahili da mara tarbiyya, ya yi barazanar kotu. Aka sake turo masa layin nan. Ya zargi wani maƙwabcin shagonsa, ya daina amsa sallamarsa. Ya zargi ƙanensa na Doguwa, ya hau babur ya je, ya tarar ko babbar waya ba shi da ita. Ya dawo da ciwon baya, ya ci tuwo da miyar da ta fi ruwan dam tsinkewa.

Saura kwana biyu Sagir ya gaya masa gaskiya. In sunan ya faɗi, shafin zai rufe, daga baya kowa na iya saye. Malam Shitu ya tuna ledojin nan dubu biyar.

Da hantsin ranar ƙarshe ya zauna a shagon Sagir ya rubuta wata wasiƙar. Ya kira mutumin ranka ya daɗe. Ya janye ɓarawo, ya janye jahili. Ya amsa cewa shi ko ranar da aka yi rajistar bai sani ba, kuma duk alfaharin da yake yi a majalisa cewa shi ya kafa komai, baki ne kawai. Ya yi godiyar shekara shida. Sagir ya kau da kai yana tari.

Ba a yi minti uku ba amsa ta shigo. Ga lambar, ga sanarwar cewa an buɗe sunan kuma an amince da tashinsa. Sagir ya kwafa ya liƙa, aka biya sabon kamfani, jan rubutu ya zama kore. Malam Shitu ya yi hamdala, ya gyara zama, ya ce ai dama ya san barazanar kotun ce ta girgiza mutumin.

"Akwai saura a ƙasa, Malam," in ji Sagir, ya juyo masa da kwamfutar.

"Na haƙura. In za ka taho, Baban Badiyya, ka biyo da itacen banda, na gida ya ƙare."