Da'irar Dawa a Gonar Kaka

Mai unguwa ya ture takardar shaidar zama 'yar gari da na kai masa. "Ba zan sa hannu ba. Fulani baƙi ne a nan."

In bai sa ba, 'yar makiyayin mai takardar ta rasa gurbi a kwalejin horon malamai. Ni na koyar da ita, shi ma ni na koyar da shi, don haka na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya kafa unguwar nan?"

"Kakanmu, Malama. Ya taso daga Kiru, ya sa wa gonar can albarka. Har yau dawarta ta fi ta kowa."

"To, raka ni kan dutse."

Muka hau, yana haki fiye da ni. Daga sama wurin da dawar ta fi kyau ya fito sarai: da'ira ce koriya shar, da 'yar ƙofa ta gabas.

Na ce, "Ban taɓa ganin albarka mai ƙofa ba. Amma na san shingen shanu."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya tuntsire da dariya. "Ashe kaka a kan takin shanunsu ya sauka."

Ya laluba aljihu. "Malama, ara mini biro."