Ƙafar da Majigi Bai Nuna Ba

Ranar da ɗansa injiniya ya kawo masa na'urar, tsohon kafinta ya jujjuya ta a tafin hannu ya ce wannan ai ba ta fi sabulun wanka ba. Injiniya ya yi dariya, ya ɗora ta kan tebur, ya haɗa ta da waya, ya ja labulen taga. Sai ga haske ya faɗa kan farin bangon ɗakin, sai ga jikarsa 'yar shekara biyar a tsaye, ta fi ƙofa tsawo, tana ɗaga masa hannu daga wani gari mai tafiyar yini guda.

Tsohon ya miƙe a hankali ya je ya shafa bangon. Siminti ne, shi da kansa ya yi masa fenti.

"Amaryata," ya ce, "yaushe kika yi wannan girma ban sani ba?"

"Ni ba na son miji mai furfura," in ji yarinyar, ɗakin ya cika da dariyarta kamar tana ciki.

Injiniya ya bayyana masa cewa ƙaramin majigi ne, a aljihu yake yawo da irinsa. Da shi yake nuna wa abokan hulɗa zanen gini, da shi yake taro da mutanen da bai taɓa musafaha da su ba. Da rana ma ya bar mahaifin nasa ya zauna a gefe ya kalli wani taron. Fuskoki shida suka jeru a bango. Wata mata tana sanye da rigar sanyi, dusar ƙanƙara na zuba a bayan tagarta, wani mutum kuma yana fifita saboda zafi, kuma duk suna jin juna. Tsohon ya zuba ido har aka tashi. Shi da ya taso ana jiran wasiƙa wata guda, yau ga duniya a jikin bangonsa.

"Allah mai iko," kawai ya ce.

Kafin ya tafi, injiniya ya koya masa inda zai danna. Daga nan ɗakin ya zama wurin kallo. Tela maƙwabcinsa yakan bar keken ɗinki ya leƙo, ya tsaya riƙe da baki. Tsohon kuwa, in lokacin kira ya yi, sai ya sa hularsa mai kyau, ya gyara zama, ya jingina wayar da gwangwanin ƙusoshi.

A da injiniya yana zuwa duk ƙarshen wata. Yanzu sai ya ce, "Baba, aiki ya yi yawa, mu haɗu a bango." Wata biyu suka wuce, suka zama biyar, suka zama bakwai. Tsohon bai yi ƙorafi ba. Yaya zai ce bai ga ɗansa ba, alhali jiya ma ya gan shi har da sabon askinsa?

Wata safiya a shago ya taka ƙusa. Ya cire, ya wanke, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da goge katako. Yana da ciwon sukari, amma bai san cewa a jikin mai irin ciwonsa ƙaramin rauni ba abin wasa ba ne. Ƙafar ta kumbura, ta fara baƙi. Kyamara kuwa daga ƙirji zuwa sama take ɗauka.

"Baba, ya jiki?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Sau ɗaya ya yi niyyar faɗa. Ya ce, "Dama wannan ƙafar tawa ce..." Ya ga idon ɗan nasa yana kan wani allon daban.

"Baba, yi haƙuri, ana jirana a taro. Ƙafa me?"

"Ba komai. Je ka, Allah ya yi albarka."

Tela ne ya lura kwana uku shagon a rufe. Da ya tura ƙofar ɗakin, wari ne ya fara tarbarsa. Ya sami tsohon a kwance jikinsa zafi kamar wuta, hular tana ajiye kusa da majigin. Ya nemo mota suka yi asibiti.

Washegari injiniya ya iso. Tsohon yana jin su daga kan gado, likita tana tambayar injiniya wa ke zuwa duba mahaifinsa.

"Ai kusan kullum muna ganin juna," ya ce.

"Ka ga ƙafarsa?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Likitar ta ce da an kawo shi makonni uku da suka wuce, da wanki da magani sun isa. Yanzu ba yadda za a yi, sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Bayan aikin, tsohon ya buɗe ido ya ga ɗansa durƙushe a bakin gado, ya kifa fuska a katifa yana kuka. Ya miƙa hannu ya dafa kansa, ya daɗe bai ɗauke ba.

Mai karatu, waɗannan na'urori ni'ima ce babba, mu yi amfani da su mu gode. Amma abin da aka sa a gabansu kaɗai suke nunawa, kuma iyaye sun iya ɓoye ciwo don kada su dami 'ya'yansu. Kiran bidiyo ba ya maye gurbin ziyara. Ka je da ƙafarka, ka zauna kusa da su, ka duba su da idonka.