Taku Huɗu Zuwa Rijiya

"Kuskuren taku huɗu ne," mai safiyo ya ce wa ƙanen, idonsa a kan na'urar awon fili. "Rijiyar nan a rabon yayanka take."

Shekara uku ke nan da ya raba wa 'yan'uwan biyu filin mahaifinsu. Rijiya ta faɗa ɓangaren ƙanen, ya ja katanga, ko gaisuwa ta daina haɗa su. Sai makon jiya 'yar mai safiyon, wadda ke karatun kimiyyar sararin samaniya, ta ga kwanan watan a tsohuwar takardar aikin. Ta ce a ranar wata iska mai ƙarfi daga rana ta bugi garkuwar maganaɗisun duniya, ta hargitsa ƙwayoyin lantarkin da ke kewaye da ita, saƙon tauraron ɗan adam ya riƙa isowa na'urar a makare.

"Wato rana ce ta cuce ni?" yayan ya tambaya.

"Ni ne ban sake aunawa washegari ba," in ji mai safiyon.

Ƙanen ya dubi katangar. "To, a rushe."

Suka bi katangar suna neman inda za a fara. A bayan garken awaki mai safiyon ya janye wani tsohon kwanon rufi da aka jingine a jikin katangar. Bulo huɗu babu, gefen ramin ya yi sumul saboda gogar bokiti.

Matar ƙanen ta ɗago daga bakin rijiya.

"Ku kuke gaba da juna," ta ce. "Ni da matar yaya wanki ne a gabanmu."